Yadda Ake Gyara Fuskar Gida Kafin a Sa Shi a Kasuwa

Duk wanda ya zo duba gida da niyyar saye ko haya, tun daga bakin titi yake fara lissafi. Bai shiga ɗaki ba, bai murɗa famfo ba, bai san ko rufin yana yoyo ba, amma idonsa ya riga ya sauka kan katanga, ƙofa, kalar bango da ƙasar da zai taka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kafin a buɗe masa ƙofa ya riga ya ajiye wani adadi a ransa, kuma duk abin da zai gani a ciki, da wannan adadin zai auna shi.

Dalilin yana da sauƙin ganewa. Abubuwan da suka fi cin kuɗi a gida a ɓoye suke: harsashi, wayoyin wuta, bututun ruwa, katakon da ke riƙe da rufi. Mai gida ya san halinsu, mai saye bai sani ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin irin wannan ciniki a 1970, inda ya kawo misali da tsofaffin motoci: idan mai saye ba shi da hanyar bambance mai kyau da mara kyau, sai ya rage tayinsa domin ya kare kansa. To mai sayen gida ma shaida yake nema, kuma shaidar da ke gabansa ita ce waje. Ya ga indararo a karye tun bara ba a gyara ba, sai zuciyarsa ta ce, wanda ya bar wannan a idon jama'a, me ya bari a inda ba a gani? Tun a 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya lura cewa hafsoshin soja da ke auna sojojinsu, da zarar sun yaba wa mutum a siffa ɗaya, kamar kyan tsayuwa, sai su ba shi maki mai yawa a hankali da jagoranci ma. Haka ake yi wa gida. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020, wanda ya haɗa hotunan gidaje daga titi da farashin da aka sayar da su, ya gano cewa gida mai kyan fuska kan fi takwaransa daraja da kusan kashi 7 cikin 100, kuma tazarar na ƙaruwa idan kasuwa ta yi sanyi.

Abin da ke tafe tsari ne na aiki, kuma jerin yana da muhimmanci. Mutane da yawa da fenti suke farawa, alhali fenti sai bayan gyara da wanki yake zuwa.

Da farko, ka zama baƙo

Wanda ya shekara goma yana shiga ƙofa ɗaya ya daina ganinta. Don haka ka tsallaka titi, ka tsaya inda mai mota zai tsaya, ka ɗauki hoton gidan da waya: ɗaya daga gaba, ɗaya daga kowace kusurwa, ɗaya daga bakin ƙofa. Ka koma ciki ka zauna ka duba hotunan. Hoto ba ya jin kunya. Igiyar da ke reto, tabon da ya gangaro daga taga, bokitin da aka manta a gefe, duk za su fito. Ka sake yin haka bayan faɗuwar rana, sannan idan ka samu dama, ka fita da lema lokacin da ake tsaka da ruwan sama. Wannan fitar ta fi sauran amfani.

Ka rubuta duk abin da ka gani, ka kasa shi uku: abin da ke lalata gini, abin da ya lalace amma ba ya cutar da komai, da abin da kawai datti ne ko tarkace. Kuɗinka zai fara da na farko, ƙarfinka zai fara da na uku.

Na biyu, bi sawun ruwa

Nan ne zan fi daɗewa, domin yawancin munin da ake gani a jikin gida ruwa ne ya jawo shi. Baƙin tabo, kumburin fenti, gansakuka, zubewar filasta, tsatsa, har da wasu tsagogin, duk aikinsa ne. In ka shafe tabon ba ka tare ruwan ba, tabon zai dawo, wataƙila ma kafin ka samu mai saye.

Fara daga sama. Ka duba kwanon rufi ko tayil ɗinsa: akwai wanda ya ɗaga, ya lotsa, ko ƙusarsa ta fita? Layin ƙolin rufi ya kamata ya miƙe sak; idan ya yi doro ko ya lotsa a tsakiya, kafinta ya hau ya duba katakon, don ruɓewa ko gara na iya zama dalili. Ka kwashe ganye da ƙasar da suka toshe magudanar rufi, ka zuba bokitin ruwa ka ga ko yana gudu zuwa indararo ko yana kwanciya. Indararon kuma kada ya riƙa zuba a jikin bango ko a gindinsa. A ƙara masa bututu ya kai ruwan nesa da gini, ko cikin kwata.

Sai ka sauko ƙasa. Ƙasar da ke kewaye da gida ya kamata ta gangara daga bango zuwa waje, misalin santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Idan bayan ruwa ka ga tafki ya kwanta a gindin bango, gangaren ya juya ke nan. A ciko ƙasa a daddaɓe, ko a yi daɓen siminti mai ɗan karkata. Amma a kula, kada ciko ya hau ya rufe layin da magina ke sawa a gindin bango don hana rima hawa. Ana so a bar kamar santimita 15 tsakanin wannan layi da ƙasa. Gidaje da yawa sun kamu da rima ne bayan an ɗaga daɓen tsakar gida ko an tara ƙasar fulawa a jikin bango.

Ga abin da za ka gani idan rima ta kama. Daga ƙasa zuwa wajen gwiwa ko ƙugu, fenti ya yi ƙuraje, in ka danna da yatsa sai ya fashe, wani farin gari mai kama da gishiri ya zubo. Gishirin ne kuwa: ruwa ke ɗauko shi daga ƙasa da siminti, ya bushe ya bar shi a fuska. A kankare shi da busasshen buroshi, kada a wanke da ruwa, don ruwan zai narkar da shi ya mayar cikin bango. In kana so ka san ko bangon ya bushe, ka manna ƙyallen leda mai faɗin tafin hannu biyu da salatif, ka rufe gefunansa huɗu, ka bar shi kwana ɗaya. In ka ɓare ka ga raɓa a ɓangaren da ke manne da bango, da sauran danshi, fenti ya jira.

Kada ka manta da ƙananan masu laifi: ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, tankin da ke ambaliya, bututun banɗaki da ke tsattsafo a bayan gida. Dogon baƙin zane ɗaya da ya gangaro daga bututun banɗaki ya isa ya sa mutum ya yi shakkar duk aikin famfon gidan.

Idan za ka hau tsani, ƙafarsa ta nisanci bango da mita 1 ga kowane mita 4 na tsayi, wani kuma ya riƙe maka. In rufin na asbesto ne, irin tsohon nan mai kama da siminti, kada a kankare shi, kada a fasa, kada a feshe shi da ruwa mai ƙarfi. Ƙurarsa na jawo mummunar cutar huhu. Aikin ƙwararru ne.

Na uku, tsaga

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, amma kowace tsaga tana tsorata mai saye. Siririya kamar gashi, wadda ta bazu a fuskar filasta, yawanci bushewar siminti ce. A ɗan buɗe bakinta da ƙarfe, a share ƙura, a jiƙa, a cike, a goge. Wadda za ka tsaya a kanta ita ce mai faɗin da ya haura milimita 5, ko wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko samanta ya fi ƙasanta faɗi, musamman in ƙofar da ke kusa ta fara cijewa. Ka yi alama da fensir a ƙarshenta, ka auna faɗinta, ka rubuta kwanan wata, ka sake aunawa bayan 'yan makonni. In tana ƙaruwa, ginin na motsi, kuma injiniya ne zai faɗi dalili.

A nan ina da magana da babbar murya. Kada ka toshe irin wannan tsaga ka shafe da fenti don ka yaudari mai saye. Zalunci ne, don mutum zai kwana da iyalinsa a ƙarƙashin wannan bango. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: duk magini mai ido zai gane sabon faci a tsohon bango, kuma da zarar an kama ka a abu ɗaya, ba za a ƙara yarda da kai a kan sauran ba. A ƙasashe da dama doka ma ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Gyara na gaskiya tare da takardar injiniya a hannu ya fi maka daraja a wajen ciniki.

Duk inda aka yi sabuwar filasta, a riƙa yayyafa mata ruwa a kwanakin farko, a kuma ba ta kamar kwana 28 kafin fenti.

Na huɗu, kwashe da wanki

Wannan kusan kyauta ne, kuma shi ya fi saurin canza fuskar gida. Ragowar bulo da yashi, tsohuwar taya, motar da ta mutu, karyayyar kujera, duk su bar wajen. Wayoyin da suka daina aiki a cire, masu aiki mai gyaran wuta ya tattara su a layi ɗaya. Kwandon shara ya samu murfi da wurin da ba shi ne abin gani na farko ba. A share yanar gizo da gidan zanzaro daga ƙarƙashin rufi.

Sai wanki, daga sama zuwa ƙasa, da ruwa da sabulu da buroshi mai dogon hannu. Inda gansakuka ko baƙin tabo ya kama, a haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 4, a shafa, a bari kamar minti 15, a goge, a ɗauraye. A sa safar hannu, a kare ido, a jiƙa tsirran da ke kusa kafin da bayan aiki, kuma kada a gauraya bilic da wani sinadarin wanki, don yana iya tayar da iska mai guba. A wanke gilashin tagogi ciki da waje. Sau da yawa bayan wanki za ka ga bangon da ka ɗauka sai an yi masa sabon fenti ashe ƙura ce kawai ta lulluɓe shi.

Na biyar, fenti

Kyan fenti a shiri yake. Ka shafa tafin hannunka a bango. In ya fito da gari, tsohon fentin ya mutu, sabo ba zai kama a kansa ba sai an wanke an shafa fentin ƙasa, wato wanda ake fara sawa don ya riƙe na sama. Duk inda ya ɓare a kankare har sai an kai wurin da ya riƙe da ƙarfi, a goge bakin da sanfefa don kada tudun ya fito. In gidan tsoho ne sosai, a yi hattara, don tsohon fentin mai na iya ƙunsar dalma. Amurka sai a 1978 ta hana amfani da shi a gidaje, wasu ƙasashen kuma sun daɗe bayan haka. Kada a goge shi a bushe, kuma yara da masu ciki su nisanci ƙurar.

A sayi fentin da aka rubuta cewa na waje ne. Na ciki ya fi araha, amma rana da ruwa za su cinye shi da wuri. Lissafinsa ga shi: bango mai tsawon mita 12 da tsayin mita 3 murabba'in mita 36 ne, ka cire ƙofa da tagogi, a ce 6, saura 30, shafi biyu ya zama 60. Lita ɗaya a bango mai santsi takan rufe kamar murabba'in mita 10, wato kana bukatar lita 6. Bango mai kaushi ya fi sha nesa ba kusa ba, don haka ka karanta jikin gwangwani ka ƙara. In bokiti ya fi ɗaya, a juye su wuri guda a gauraya, don kala ɗaya daga kamfani ɗaya ma takan ɗan bambanta. Kada ka bar mai fenti ya tsinka shi da ruwa fiye da yadda aka rubuta. A ranar zai yi kyau, bayan wata shida tsohon bango zai leƙo.

Batun kala kuwa, ka tuna ba kanka kake yi wa ba. Kalar da ka fi so na iya zama wadda mai saye zai fara lissafin kuɗin gogewa. Kala uku sun isa: mai haske marar hayaniya ga jikin gida, wata ga gefunan taga da ƙarƙashin rufi, ta uku ga ƙofa. Kala mai haske tana mayar da zafin rana, tana sa gida ya yi kamar ya fi girma. Mai duhu tana shan zafi, kuma koɗewarta ta fi fitowa. Gindin bango, inda ruwa ke fantsamo laka, shi ya dace da mai ɗan duhu. Ka dubi kalar rufinka kafin ka zaɓa, tunda shi ba za ka canza ba. Sannan ka gwada a murabba'in mita ɗaya, ka dube shi da safe, da rana tsaka, da yamma, don kala a ƙaramin kati daban take da kala a bango.

A yi aikin a busasshen yanayi, a riƙa bin inuwa. Bangon da rana ta gasa yana busar da fenti kafin ya kama. A rufe gilashi, daɓe da kan makunnai. Ɗigon fenti a gilashi da layin da ya karkace a gefen taga suna faɗa wa mai kallo cewa aikin gaggawa aka yi, kuma wanda ya ga gaggawa zai tambayi abin da ake ɓoyewa.

In kuɗi bai isa a zagaye gida ba, a yi gaba da gefen da ake hangowa daga titi, a tsaya daidai kan kusurwa, sauran a wanke su tas.

Na shida, abin da hannu ke taɓawa

Ƙofa ce wurin da baƙo ke tsayawa yana jira a buɗe, kuma a wannan ɗan lokaci ba shi da aiki sai kallo. Daga nesa gida yake gani. A nan kuwa yana ganin tsatsar da ta ci gindin ƙofa, marikin da ke girgiɗi, ƙararrawar da ba ta ƙara. In ƙofar ƙarfe ce, a kankare tsatsa da buroshin waya har ƙarfe ya fito, inda ya huje mai walda ya yi faci ya goge, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, sannan fentin mai shafi biyu, a bar kowane shafi ya kwana. In ta katako ce, a soka tsinin sukundireba a ƙasanta. In ya shige da sauƙi, ta ruɓe ko gara ta ci, a canza wannan ɓangaren. A zuba mai a inda take juyawa. Ƙofar da ta buɗe da hannu ɗaya ba ƙara, makulli ya juya ba gardama, tana kwantar da hankali fiye da yadda ake zato. Ƙarafunan taga ma a yi musu haka. Lambar gida ta fito a karanta daga titi.

Na bakwai, ƙasa, tsirrai da haske

Hanyar da ta tashi daga titi zuwa ƙofa ta zama a fili kuma a daidaice. Fasasshen daɓe a gyara, matakalar da bakinta ya gutsure a cike, ciyawar da ta fito a tsakanin duwatsu a tuge ta da saiwa. Inda ƙasa ce tsirara, tsakuwa na rufe ta da kyau, tana kuma rage laka.

Babban itace mai lafiya kadara ce da ba a saye a rana ɗaya, don haka kada a sare shi sai in saiwarsa na ɗaga daɓe ko tana barazana ga harsashi. A dai rage rassan da ke gogar rufi, da waɗanda suka rufe taga ko suka kusanci wayar wuta. Na kusa da waya kuma a bar wa ma'aikatan wuta. Busasshiyar shuka a cire. Tukunya biyu masu kore shar a gefen ƙofa sun fi ashirin da ke neman ruwa.

Ƙwan lantarki ɗaya a kan ƙofa, ɗaya a hanya, duka masu aiki kuma masu kalar haske iri ɗaya. Mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, ya fi yi wa bango kyau. Masu saye da gaske sukan dawo da dare su ga unguwa ba tare da sun sanar ba.

Na takwas, gefe da gefe

Mai saye ba ya iya yanke gidanka daga inda yake. Binciken 2020 da na ambata ya nuna cewa fuskar gidajen maƙwabta ma tana shiga cikin farashi. Ka share gaban gidanka har bakin titi, ka yashe kwatar da ta wuce ta ƙofarka. In akwai tarin shara ko ciyawa a kan iyaka, ka je wa maƙwabcinka da girmamawa ka ce za ka ɗauki nauyin kwashewa. Da wuya a ƙi.

Wannan kuma shi ke nuna maka inda za ka tsaya da kashe kuɗi. Masu ƙiyasta darajar gida da gidajen da aka sayar a kusa suke kwatantawa, don haka unguwa na da iyakar da farashi ba ya wucewa. Marmara a katanga, ginshiƙan ado, maɓuɓɓugar ruwa a tsakar gida, da wuya su dawo da abin da suka ci. Burinka gidan ya shiga sahun waɗanda aka fi kula da su a layin.

Na tara, hoto da ranar dubawa

Yanzu yawancin masu nema a waya suke fara ganin gida, kuma hoton farko shi ke sa a tsaya ko a wuce. Ka ɗauka da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ke bayanka tana haska fuskar gidan. Ka goge idon kyamara, ka riƙe wayar a miƙe daidai ƙirji don kada bango ya yi kamar zai faɗi, ka tsaya a ɗan kusurwa yadda gaba da gefe za su fito tare. A janye mota, a kwashe shanya, a buɗe labule. Kada a gyara hoton har ya fi gidan kyau. Wanda ya zo ya tarar da ƙasa da abin da ya gani, da jin an cuce shi zai fara zagayen.

Ranar da za a zo, a share, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a ɗaure kare, a bar wa baƙo wurin ajiye mota. Ka tattara rasit ɗin gyaran rufi, sunan fentin da lambar kalarsa, takardar injiniya in akwai, da hotunan wuraren da aka gyara kafin aiki da bayansa, ka sa a fayil ɗaya. In mai saye ya nuna facin da ke gindin bango ya tambaya, ka buɗe fayil ɗin ka nuna masa inda ruwan yake shiga a da, da yadda aka tare shi, da watan da aka yi aikin.